Shaidata: Kurma Ba Ta Ji, Amma Akwai Mai Ji

Gaisuwa gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ungozoma ce, ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye, ban daɗe da yin ritaya ba. Matan Zumunta na majami'armu sun jima suna matsa mini in rubuta shaidar da nake ba su guntu-guntu a wurin nazarin Littafi, musamman ranar da aka taɓo zancen tsoron Allah, don sun san a nan bakina ba ya shiru. Yau dai na zauna. Ba zan kama sunan kowa ba, ko na asibiti, saboda wasu daga cikin waɗanda labarin ya shafa suna da rai, 'ya'yansu kuma suna karatu a waya kamar ku.

A gidan Maguzawa aka haife ni, cikin gonaki a kudancin ƙasar Katsina, tun Katsina ba ta zama jiha ba. Babban gida ne, kakanmu da 'ya'yansa maza da matansu duk cikin danga ɗaya, ana noman gandu. Mun san akwai Allah. Babu Bamagujen da bai san da shi ba, da sunansa ake gaisuwa, da sunansa ake sa albarka. Amma a ganinmu yana can nesa, ba ruwansa da zazzaɓin yaro ko tsutsar dawa. Masu ruwa da mu su ne iskoki. Akwai Kure, akwai Uwargona, akwai Gajimari, sai wadda ko sunanta ba a so a kira da dare, Doguwa, wato Inna. Kakanmu yana da jigo a bayan rumbu inda ake zub da jini kafin shuka da bayan girbi. Tsamiyar bakin rafi kuwa, yaro bai isa ya bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana ba. Ban taɓa jin wani a gidanmu ya ce yana ƙaunar Inna ba. Biyanta ake yi don ta ƙyale mu, baƙar akuya bana, baƙar akuya baɗi.

Ina 'yar ƙarama 'yan Sabon Rai, masu yawon wa'azin bishara, suka fara zuwa unguwarmu da rani, da gangunansu da waƙoƙinsu. Daga baya ikilisiyar ECWA ta turo mai bishara ya zauna tare da mu. Malam muke ce masa. Ɗakinsa na ciyawa ne irin namu, yana noma kamar kowa, da dare ya kunna aci-balbal ya koya wa magidanta karatu. A hannunsa Babanmu ya koyi haɗa baƙi, da tsohon Littafi Mai Tsarki, juyin 1932, wanda Hausarsa ke da nauyi har yau wasu kalmomin sai an tambayi tsofaffi. Aka yi wa Baba baftisma a rafin nan, ba nisa da tsamiyar. Da lokacin yanka ya zo, aka ce kowane magidanci ya kawo nasa kason na kuɗin akuya, Baba ya ce shi ya daina.

Damina ba ta fita ba ƙanena ya kwanta da zazzaɓi. Yaro ne da ya fara gudu a tsakar gida, yana bin kaji. Da zazzaɓin ya sauka, ƙafarsa ta hagu ta saki, ta koma kamar ba tasa ba. Ba wanda ya yi gardamar abin da ya faru. Sunan ciwon ma ya riga ya yanke hukunci, shan inna. Kakata ta zauna a ƙofar ɗakinmu tana kuka tana cewa Baba ya sayar da ƙafar ɗansa a kan akuya guda. Iyarmu ta roƙe shi cikin dare, ina kwance ina jinsu, ta ce ko a ɓoye ne ya yanka, kada a zo a ɗauki na biyu. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "In na yanka yau, na yanka ke nan har in mutu. Na riga na sami wanda zan ji tsoro, ba zan raba shi biyu ba."

Sai da na shiga makarantar koyon aikin lafiya na san cewa ƙwayar cuta ce, tana bin bayan gida ta shiga ruwa da abinci, kuma ɗigo biyu a bakin yaro suna tare ta. Na yi shekaru ina yawo gida gida da akwatin sanyi a kafaɗa ina ɗiga maganin nan. A watan Agusta na 2020 da aka ba da sanarwar an kawar da asalin ƙwayar daga Afirka, ƙanena, wanda yanzu tela ne da jikokinsa, ya kira ni a waya yana dariya ya ce, "Yaya, ashe allura da ɗigo Inna take tsoro." Amma wannan duk daga baya ne. A lokacin, ni yarinya, tsoro biyu nake ɗauke da su, na tsamiya da na coci.

Gaskiya na cocin ma bai bar ni na yi barci ba. Wa'azin wancan zamanin wuta ce da ƙibiritu, da ƙaho na ƙarshe, da fyaucewa. Mutum biyu suna gona, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Mata biyu suna niƙa, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Mu da muke niƙa a dutse kullum, wannan ba misali ba ne a wurinmu. Bayan an sa ni makarantar firamare ta UPE a 1976, akwai ranar da na dawo na tarar sashenmu ba kowa, tukunya tana kan murhu, zanen Iya a yashe a ƙasa. Na fasa ihu na fita da gudu, na tabbata Yesu ya dawo ya bar ni. Ashe akuya ce ta faɗa rijiya, kowa ya tafi can. An yi ta mini dariya har na girma. Ni dai a zuciyata Allah ya zama wata Doguwa ce da ta fi ta da ƙarfi, mai littafin rubuta laifi, wadda ba ta karɓar akuya sai zuwa sujada da haddar aya da baiko. Haka na yi ajin baftisma, haka na shiga ruwa, haka na yi aure. A waje kowa yana cewa yarinyar nan akwai tsoron Allah.

Wadda ta fara kwance mini wannan ƙullin wata tsohuwar sista ce da muka yi aikin koyo a ƙarƙashinta a ɗakin haihuwa. Mutuniyar Filato ce, gajera, ba ta da yawan magana. Mama muke ce mata, Kirista da Musulmi duka. Wani dare aka kawo wata yarinya kurma, cikin fari, naƙuda ta yi tsawo. Babu wuta, ni nake riƙe da fitila. Duk wanda ya san ɗakin haihuwa ya san irin bakin da ake yi wa mata a can, abin kunya ne amma gaskiya ce. Ita wannan da yake ba ta ji, sai bakin ya ƙaru. Ana ce mata ta yi nishi, ba ta gane ba, tana ta fizge-fizge, idanunta a waje. Ɗaya daga cikin manyanmu ta shiga zaginta, tana haɗawa da uwarta da mijin da ya ɗauki kurma, tana yi tana murmushi a fuska don kada yarinyar ta gane. Sauran suna ƙunshe dariya.

Ba mu ji shigowar Mama ba. Ba ta yi wa kowa tsawa ba. Ta wanke hannu, ta zo ta tsaya inda yarinyar za ta ga fuskarta a hasken fitila, ta kama hannunta ta ɗora a kan nata ƙirjin, ta ja numfashi a hankali ta sake, ta ja ta sake, har yarinyar ta soma binta. In ciwon ya taso sai Mama ta cije leɓe ta runtse ido ta matse mata hannu, ita ma ta yi haka. Kafin asuba ta sauka lafiya, namiji. Mama ta ɗaure cibi da kanta, ta duba mabiyiya ta cika, ta shafa cikin ta ji mahaifa ta dunƙule, sannan ta kira mu ofis.

Ta ce, "'Yan nan, wa kuke zagi ɗazu?"

Babbarmu ta ce, "Mama, ai ba ta ji."

Ta ce, "Na san ba ta ji. Shi ya sa nake tambaya. Magana ta fita daga bakinku, ita ba ta karɓa ba. To, kunnen wa ta shiga?"

Muka yi tsit. Ta ce a Littafin Firistoci sura 19 aya 14 an hana zagin kurma, an hana sa wa makaho abin tuntuɓe, kuma dalili ɗaya aka bayar, ka ji tsoron Allahnka. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta ce mu je mu wanke kayan aiki.

Ni ban taɓa karanta Littafin Firistoci ba kafin ranar. Wa ke karanta shi? Daga an kai dokokin hadaya da kuturta sai a tsallake zuwa Zabura. Na koma ɗaki na bi shi a hankali, sai na ga wannan gargaɗin yana dawowa, kuma ba a ko'ina yake dawowa ba. Ya zo a kan tashi tsaye a gaban mai furfura, a aya ta 32. A sura 25 ya zo a kan cutar juna a cinikin gona, ya zo a kan karɓar ruwa a bashin ɗan'uwan da ya talauce, ya sake zuwa a kan gallaza wa wanda talauci ya sa ya zama baranka. Na ajiye Littafin ina tunani. Kurma ba ta san an zage ta ba. Makaho bai san wa ya ajiye dutsen ba. Tsoho ba shi da ƙarfin ramawa. Mai bashi da bara sun sani sarai, amma bakinsu a ɗaure yake, gobe ma wurinka za su dawo. Duk mutanen da ba za su iya kai ka gaban alƙali ba ne. A daidai wurin da babu ɗan sanda, babu shaida, babu kunyar idon jama'a, a nan Allah ya sa sunansa. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Mafi yawan abin da muke kira tsoron Allah a majami'a kunya ce kawai, ta idon fasto da na maƙwabta. A kashe fitila a gani.

Daga nan aikina ya zama mini wani abu dabam. Macen ƙauye da aka kawo a amalanke tana zubar da jini ba ta san ko allurar da na yi mata ta gaske ce ko ruwa ba. Ba ta san ko na dafa almakashi ba. Ba ta iya karanta katinta ba. In ta mutu, danginta za su ce kwana ne ya ƙare, su yi mini godiya ma a kan ƙoƙarina. Kusan duk wadda ta hau gadona kurma ce kuma makauniya ta wannan fuskar.

A 1996, shekarar sanƙarau, na ga ma'aikata iri biyu. Cutar ta kama mutum sama da dubu 100 a ƙasar nan, fiye da dubu 11 suka mutu, ga ƙyanda da amai da gudawa a lokaci guda. Mun shimfiɗa marasa lafiya a ƙarƙashin bishiyoyi, ledar ƙarin ruwa a rataye a reshe. Wasu abokan aiki sun nemi hutu sun ɓace, ban kuma ga laifinsu sosai ba, kowa yana da 'ya'ya. Wanda ya fi kowa tsayawa wani dattijo ne Musulmi mai shara da ɗaukar marasa lafiya, albashinsa bai kai rabin nawa ba. Shi ke juya yaran da wuyansu ya sanƙare, shi ke wanke su. In na ce, "Baba, ka je ka huta," sai ya ce, "'Yata, Allah yana kallo." Yara da yawa da suka tashi daga wannan ciwon sun tashi ba sa ji. Wasu cikinsu ni na karɓi haihuwarsu bayan shekaru, na yi musu yadda na ga Mama ta yi.

Jarrabawata ta zo bayan wannan da 'yan shekaru, kuma ba daga inda nake zato ba. Aka kawo mana sabon shugaba a asibitin da nake. Na yi murna, don Kirista ne, dattijon ikilisiya ma, mutum mai addu'a da murya mai daɗi. A lokacin ana aiko mana da kayan haihuwa kyauta, safar hannu, auduga, allurar tsayar da jini, maganin ƙarin jini, gidan sauro na masu ciki. Sannu a hankali kayan suka riƙa ƙarewa tun wata bai raba ba. Mace ta zo da naƙuda, sai a rubuta wa mijinta takarda a ce ya tsallaka titi zuwa kemis. Wata rana wani magidanci ya dawo da allura, na juya kwalin na ga alamar da ni da kaina na yi da jan biro ranar da aka sauke kayan. Ya sayar da buhun masara kafin ya saye ta.

Ƙarshen wata shugaban ya kira ni ofis, ya tura mini rajista. An cika ta tsaf, sunayen mata, kwanan wata, kowace an ba ta kaza da kaza kyauta. Sa hannuna kawai ake jira, don ni ce mai kula da ɗakin haihuwa. A gefen rajistar akwai ambulan.

Ya ce, "'Yar'uwa, sa hannu nan. Wannan kuma na sabulu ne."

Na ce, "Yallaɓai, matan nan ba su karɓi kayan nan ba."

Ya yi dariya ya ce kowa haka yake yi, har na sama da shi suna da kasonsu, albashi ba ya zuwa kan lokaci, ni ma ina da yara a makaranta. Duk gaskiya ya faɗa. Wata na uku ke nan ba a biya mu ba, maigidana malamin firamare ne, shi ma haka. Da ya ga ban ɗauki biro ba sai ya sauya murya. Ya ce mu 'yan tsiraru ne a garin nan, in na tona shi sunan Kirista duka na ɓata, in rufa wa ɗan'uwa asiri. Wannan ce ta fi yi mini nauyi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, yadda aka ɗauko sunan Almasihu aka mai da shi murfin tukunyar sata.

Kada ku ɗauka jaruma ce ni. Gwiwoyina rawa suke yi a ƙarƙashin tebur. Ina tsoron mutumin nan, ina tsoron na sama da shi, ina tsoron komawa gida hannu wofi. Sai dai akwai wani tsoron da ya fi waɗannan nauyi, ya danne su. Ba wutar jahannama na tuna ba a lokacin. Fuskar mai buhun masaran nan na gani, na kuma san wanda yake tsaye a bayansa. A Littafi Mai Tsarki Nehemiya ya ce gwamnonin da suka riga shi sun nawaita wa jama'a, suna karɓar abinci da ruwan inabi da shekel 40 na azurfa, har barorinsu suna taka mutane, amma shi bai yi haka ba saboda tsoron Allah. Bai kawo wani dogon dalili ba. Ni ma ban da wani dogon dalili. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, hannuna ba zai iya ba." Na tura masa ambulan ɗinsa na fita.

Ban kai ƙararsa ko'ina ba, ban san ma wurin wa zan kai ba tunda ya ce da na sama ake ci. An sami wata ta sa hannun. Ba a yi wata biyu ba takardar canjin wurin aiki ta fito, aka jefa ni wani ƙauye a ƙarshen ƙaramar hukuma, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, da damina kuwa sai babur, a sauka a tura a rafi. Ɗakin shan magani ne mai ɗaki biyu, jemagu sun cika silin. A coci labari ya bazu cewa ni mai taurin kai ce, ba na girmama na gaba. Wasu matan da muke waƙa tare suka rage gaisuwa.

A lokacin ina da ciki wata huɗu. Na riƙe Fitowa sura 1 kamar sandar makaho. Ungozomomin Ibraniyawa, Shifra da Fu'a, Fir'auna ya umarce su su kashe jarirai maza, suka ji tsoron Allah suka ƙi, Allah kuwa ya yi musu alheri, ya ba su nasu iyali. Na ce to, ni ma ungozoma ce, ni ma na ƙi, Allah zai kiyaye abin da ke cikina. Ina hawa babur ɗin nan duk ƙarshen mako in je in ga yara in dawo. A wata na shida jini ya ɓalle mini da dare a ƙauyen, ba kowa sai wata tsohuwar ungozomar gargajiya da take taya ni aiki. Ita ta riƙe ni. Namiji ne, ya cika siffa, bai yi kuka ba.

Wannan ne wurin da ba na so a tsallake in ana ba da shaidata, don masu wa'azin zamani suna son labarin da ke ƙarewa da mota da ƙarin girma. Ni ban sami ko ɗaya ba. Na kwanta a gida, tsohon tsoron nan na yarinta ya dawo mini gaba ɗaya. Na shiga bincikar kaina, wane zunubi ne ban tuba ba, wace zakka ce na rage, ko girman kai ne ya sa na ƙi sa hannu Allah yake ƙasƙantar da ni. Na kasa addu'a. In na buɗe baki sai in ji kamar ina gaban mai bin bashi.

Baba ya zo duba ni, ya tsufa a lokacin, ƙanena ya rako shi da sandarsa. Sun kawo gero da kanwa da kaza biyu. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Uwata, yaya jiki?" Na fashe da kuka na ce, "Baba, me na yi wa Allah?"

Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, "Uwata, kin koma gidan kakanki. Kina lissafin wace akuya ce ba ki yanka ba." Ya nuna ƙanena da haɓa. "Da ƙafar wannan ta shanye, abin da aka ce mini ke nan, akwai abin da ban biya ba. Wanda muke bi ba a biyansa. Shi ya biya, a kan gicciye, ya gama. Ban san dalilin da ya sa ya ɗauki ɗanki ba, kamar yadda ban san na ƙafar nan ba har yau. Amma ba ciniki kuka yi da shi ba ranar da kika ƙi sa hannu."

Ya kawo Zabura 130 da ka, da tsohuwar Hausar nan tasa, inda mai zabura yake cewa in Ubangiji yana lissafin laifofi wa zai tsaya, amma a wurinsa akwai gafara, domin a ji tsoronsa. Ya ce in lura, ba a ce akwai bulala domin a ji tsoronsa ba, gafara aka ce. Ya ce, "Kin ga yaro in uwarsa ta tsawata masa? Kuka yake yi, amma ina yake gudu? Wurinta. Zanenta yake kamawa. Inna gudunta muke yi. Wannan kuwa, in kin ji tsoronsa, wurinsa za ki gudu."

Ban warke a ranar ba, amma a daren na iya cewa "Uba" a addu'a, ban kuma ƙara komai a kai ba.

Tun daga lokacin nake karanta wuraren nan da wani ido. A gindin Dutsen Sina'i jama'a suna rawar jiki, Musa ya ce musu kada su ji tsoro, Allah ya zo ne don tsoronsa ya zauna a gabansu kada su yi zunubi. A numfashi ɗaya ya hana tsoro ya kuma umarci tsoro. Yesu ma haka ya yi a Luka 12. Ya ce kada a ji tsoron masu kashe jiki, a ji tsoron wanda yake da ikon jefawa cikin jahannama, bai sassauta ba ko kaɗan. Nan take kuma ya shiga zancen gwara biyar da ake sayarwa a bakin kuɗi kaɗan, ba ɗayarsu da Allah ya manta, ya ce gashin kanmu ma a ƙidaye yake, kada mu ji tsoro. Shi ya sa ba na tare da masu tsorata yara da wuta har su kasa barci, na san abin da wannan ya yi mini. Ba na kuma tare da 'yan zamani masu cewa tunda ƙauna tana korar tsoro, Allah ya zama abokin wasa, a yi rawa ranar Lahadi a ci kuɗin marayu ranar Litinin. Tsoron hukunci ne manzo Yahaya ya ce ƙauna tana kora, ya faɗa da bakinsa a ayar. Wanda yake hana hannu ɗaukar biro yana nan daram.

Na koma ƙauyen bayan na yi arba'in, na kuma daɗe a can fiye da yadda kowa ya zata, har da aka so mayar da ni gari na ce a bar ni tukuna. Maigarin ya sa aka gyara rufin, matasa suka kori jemagun. Mata suka fara zuwa awo. Na ga jijjiga, na ga doguwar naƙuda da ke barin yarinya da yoyon fitsari, na koyi gane wadda zan iya da wadda dole a nemi mota tun da sauran lokaci. Ban sake haihuwa ba. Yaran da Allah ya ba ni kafin nan sun girma, ɗaya ma aikin jinya take yi, na kuma gaya mata labarin kurmar nan tun kafin ta sa farin kaya.

Shugaban nan kuwa ba abin da ya same shi. Ya yi ritaya da girmansa, ya gina gida mai bene, har yanzu a kujerar gaba yake zama. Na daɗe ina jin zafin wannan, ina kai wa Allah ƙara, har na gaji na bar masa. Kwanakin baya muka haɗu a wani bikin aure. Ya tsufa, yana jan ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, ya tambayi maigida da yara, na tambayi uwargidansa da jikoki. Bai ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Da zan tashi ya ce ƙafafunsa suna kumbura da yamma, ko akwai abin da zan ba shi shawara. Na danna ƙaurinsa da yatsa na ga wurin ya lotsa, na tambaye shi yaushe rabonsa da awon jini, ya ce an jima. Na ce ya rage gishiri, kada ya sayi komai a kemis tukuna, ya je a duba masa zuciya da ƙoda cikin makon nan. Na karɓi lambar ɗansa, washegari na kira na tabbatar sun je.